Tarihin Gidan Auduga: Nazarin Littattafai Uku da Giɓin da Suka Bari a Yammacin Zamfara

I

A ƙasar Ingila akwai wani irin rubutun tarihi wanda ya daɗe da samun gindin zama, watau tarihin gidan masu masaƙa. Kusan kowane gari na lardin Lankasha, inda saƙar auduga ta yi ƙarfi, yana da nasa. A cikinsa akan ba da labarin yadda kakan gidan ya fara da ɗan jari kaɗan, ya gina masaƙa, ya ɗauki ma'aikata, ya gina makaranta da ɗakin ibada, har zuwa zamanin da jikoki suka sayar da kamfanin. Ɗaya daga cikin waɗannan gidaje ya shafi ƙasar Hausa ƙwarai, shi ne gidan Whitehead na garin Rawtenstall, gama da kamfaninsu Gwamnatin Jihar Arewa ta haɗa kai aka kafa babbar masaƙa ta farko a Kaduna, wadda ta fara aiki a cikin shekara ta 1957.

Nufin wannan takarda shi ne a dubi littattafai uku waɗanda mai neman tarihin auduga a ƙasar Zamfara zai ci karo da su: na farko daga bakin maigidan masaƙa, na biyu a kan ma'aikatan masaƙa, na uku a kan sarautar Zamfara. Kowannensu ya cika aikin da ya ɗaukar wa kansa. Amma idan aka jera su, za a ga duk sun tsaya a ƙofar gida ɗaya ba su shiga ba, watau gidan manomi na ƙauye, inda miji ke noma auduga, mata ke kaɗi. A ƙasashen Anka da Gummi da Bukkuyum wannan gida shi ne ainihin gidan auduga, kuma har yanzu tarihinsa yana bakin tsofaffi.

II

An haifi David Whitehead a 1790, ya rasu a 1865. Shi da 'yan'uwansa biyu, Thomas da Peter, suka haɗa jari a 1815, suka koma Rawtenstall a farkon shekarun 1820, suka gina masaƙa a can, sa'an nan suka ƙara wata babba a 1840. Mabiya ɗariƙar Methodist ne ta addinin Kirista, sun kuwa kashe dukiya wajen gina makaranta da ɗakin ibada. A 1855 'yan'uwan suka raba jari, reshen David ya ci gaba da suna David Whitehead and Sons. Labarin rayuwarsa da ya rubuta da hannunsa, masani Stanley Chapman ya shirya shi aka buga a 2001.

Darajar irin wannan littafi a fili take. Ba kullum ake samun attajiri na wancan zamani ya zauna ya bayyana yadda ya tashi daga ƙaramin hali ba, kuma wanda ya karanta zai fahimci yadda ibada da tsimi da zumuncin 'yan'uwa suka zama jari kamar yadda kuɗi suke jari. Malamin da ya san tarihin gidajen fatake na Kano ba zai ga abin baƙo ba.

Amma fa tarihin maigida daga ofishin maigida ake hangensa, shi ya sa abubuwa biyu sukan yi ƙanƙanta a idonsa. Na farko shi ne masaƙin hannu. A watan Afrilu na 1826, masaƙan hannu na gabashin Lankasha, waɗanda yunwa ta kama domin injin ya karya farashin aikinsu, suka tashi suka farfasa injunan saƙa fiye da dubu a cikin 'yan kwanaki. A masaƙar su Whitehead kaɗai an fasa 96, a Chatterton kuwa, kusa da nan, sojoji suka harbe mutane. A lissafin kamfani wannan hasarar injuna ce. A gidajen masaƙan kuwa mutuwar sana'a ce da aka gada kaka da kakanni.

Na biyu shi ne manomi. Tarihin gidan masaƙa yakan fara ne daga inda dilar auduga ta shigo ƙofa, alhali kuwa mafi yawan audugar da Lankasha ta kaɗa a zamanin David Whitehead bayi ne suka nome ta a kudancin Amurka. Da yaƙin basasa ya tashi a can a 1861, auduga ta yanke, masaƙu suka tsaya, dubban ma'aikata suka rasa abinci. Tsoron dogara ga ƙasa ɗaya bai fita daga zukatan masu masaƙu ba, shi ne ya kai su ga kafa ƙungiyar noman auduga ta B.C.G.A. a Manchesta a 1902, wadda mutanen Arewa suka riƙa kira Bisije. Ta wannan hanya ce buƙatar Lankasha ta iso gonakin Zamfara, tun shekaru da yawa kafin sunan Whitehead ya iso Kaduna.

III

Littafi na biyu shi ne Death and the Textile Industry in Nigeria, na Elisha Renne, wanda ya fito a 2020. Ya ɗauki labarin daga inda na farko ba zai iya kaiwa ba. Masaƙar Kaduna Textiles, wadda Sardaunan Sakkwato, Sir Ahmadu Bello, ya tsaya aka kafa, ta fara da saƙa akoko a unguwar Kakuri, wasu masaƙu suka biyo ta a shekarun 1960, har Kaduna ta zama garin masaƙu sosai. Kamfanin Whitehead kansa ya koma hannun kamfanin Lonrho a ƙarshen shekarun 1960, masaƙar kuwa daga baya ta zama mallakar jihohin Arewa. A 2002 aka rufe ta ba tare da an biya ma'aikata haƙƙinsu na sallama ba.

Marubuciyar ta bi sawun jerin sunayen ma'aikatan da suka mutu suna jiran wannan haƙƙi, wanda ƙungiyarsu ta riƙa tarawa, ta nemi matansu da 'ya'yansu, ta tambayi yadda aka yi jana'iza, da inda aka binne mamatan, da abin da ya sami karatun yara. Ta kuma duba cututtukan da aikin masaƙar ke jawowa. Wannan hanya abar yabo ce, gama ta juyar da tarihin gidan masaƙa: maimakon gida ɗaya mai dukiya, sai ga gidaje masu yawa na talakawa, kowanne da sunansa. Duk wanda zai rubuta tarihin wata ma'aikata a Arewa bayan wannan, wajibi ne ya yi koyi da ita.

Inda littafin ya tsaya shi ne iyakar birnin Kaduna da garuruwan da aka kai gawawwaki. Manomin auduga ba shi ne abin nazarinsa ba, kuma ba laifi ba ne ga marubuci ya ja iyakar gonarsa. Sai dai mai karatu ya kamata ya san girman abin da ke bayan iyakar. Jarin da Jihar Arewa ta zuba a masaƙar ya fito ne ta hannun Hukumar Ciniki ta Jihar Arewa da Hukumar Raya Jihar Arewa. Dukiyar Hukumar Ciniki kuwa rara ce da ta taru tsakanin farashin da ake biyan manoman gyaɗa da auduga da farashin da ake sayarwa a ƙasashen waje, kamar yadda Gerald Helleiner ya bayyana a littafinsa na 1966 a kan tattalin arzikin Nijeriya. Watau ke nan manomin da ya kai audugarsa fuloti a Lardin Sakkwato yana da hannu a cikin ginin Kakuri, ko da yake ba a rubuta sunansa a cikin masu jari ba. Da masaƙar ta mutu, ma'aikaci ya sami ƙungiya da ta tara sunayen matattunsa. Manomi bai sami mai yi masa ko da wannan ba.

Gunilla Andrae da Björn Beckman sun taɓa wannan gefe a littafinsu Industry Goes Farming na 1987, inda suka bincika ƙarancin auduga da ya addabi masaƙu. Amma su ma daga bakin masaƙa suka leƙo gona, tambayarsu ita ce me ya hana auduga isowa. Tambayar manomi dabam ce: me auduga ta kawo gidansa, me kuma ta ɗauke.

IV

Littafi na uku shi ne mafi kusa da ƙasar da ake magana a kanta. Kurt Krieger, wani masani Bajamushe, ya zauna a Anka a farkon shekarun 1950, ya tattara labaran sarakunan Zamfara, aka buga su a Berlin a 1959 da suna Geschichte von Zamfara. Har yau ba a rubuta tarihin Zamfara ba tare da an koma gare shi ba, tun daga zamanin Birnin Zamfara, da cinye shi da Sarkin Gobir Babari ya yi a shekarun 1760, har zuwa zaman gidan sarautar a Anka.

Tarihin sarauta ne, ya kuwa bi tsarin da masu tarihi na fada suka saba: wane ya gaji wane, ya yi shekara kaza, ya yi yaƙi da wane. A cikin irin wannan tsari rigar sarki takan fito, wanda ya saƙa ta ba ya fitowa. Krieger kansa bai raina sana'a ba, gama ya rubuta wata maƙala a kan ginin tukwane a gundumar Anka a 1961. Amma tsarin jerin sarakuna, idan ya zama shi kaɗai ne ma'aunin abin da ake kira tarihi, yakan koya wa ɗalibi cewa abin da kakarsa ta yi da mazari ba tarihi ba ne. Wannan darasi ya shiga makarantu, ya kuwa yi ɓarna, domin ɗalibin da aka aika ya rubuto tarihin garinsu, gidan hakimi yake nufa, ya dawo da jerin sunaye.

V

To, mene ne wannan gida da littattafan uku suka wuce? Sana'ar tufafi a ƙasar Hausa ba ta taɓa taruwa ƙarƙashin rufi ɗaya ba. A rarrabe take tsakanin hannuwa da yawa. Maigida da samarinsa su noma auduga, wadda mutanen yamma ke kira kaɗa. Mata su gurje ta a kan magurji su fitar da angurya, su shiɓe ta, su kaɗa ta da mazari, su fitar da zare na tsaye da abawa ta kwance. Masaƙi ya saya ko a ba shi aiki, ya saƙa sawaye, maɗinki ya haɗa su, marini ya tsoma a baba, mabugi ya buga. Heinrich Barth, wanda ya shiga Kano a 1851, ya ga tufafin ƙasar suna tafiya har Tumbutu da Tarabulus, masana kuwa suna lissafa Zamfara a cikin ƙasashen da ke ciyar da wannan ciniki da auduga da baba.

Mafi yawan hannuwan nan na mata ne, domin kaɗi shi ne aikin da ya fi cin lokaci, kuma masaƙi ɗaya yakan cinye zaren makaɗa da dama. Colleen Kriger ta nuna wannan a maƙalarta ta 1993 a kan aikin tufafi a Daular Sakkwato, inda 'ya'ya da bayi duk suka yi kaɗi. Labarin Baba ta Karo, wanda Mary Smith ta rubuta aka buga a 1954, ya nuna yadda kaɗi yake cikin rayuwar macen aure ta yau da kullum. Kuɗin zare na mace ne, da shi take biki, da shi take tara kayan ɗakin 'yarta.

Ƙarfin wannan tsari ya bayyana sa'ad da Bisije ta zo. Turawa sun yi zaton jirgin ƙasa da ya isa Kano a 1911 auduga zai kwaso, sai manoma suka juya ga gyaɗa, masaƙan gida kuma suka riƙa biyan auduga kuɗin da ya fi na Bisije, kamar yadda Marion Johnson da Jan Hogendorn suka bayyana. Sai da aka kawo irin Amurka mai suna Allen a 1912, aka kafa injunan gurza a Zariya da Funtuwa da Gusau, aka ja layin dogo har Ƙaura Namoda a 1929, sa'an nan audugar sayarwa waje ta kafu a gabashin Lardin Sakkwato. Daga 1949 ciniki ya koma hannun hukuma: a raba iri ta hannun En'e da dagatai, a buɗe fuloti da kaka, malamin auduga ya duba ya ba ta daraja, a auna, a biya farashin da aka yanke. Da wannan kuɗi mutane da yawa suke biyan haraji.

Akwai wurare biyu da takardun hukuma, in aka dogara gare su kaɗai, za su ɓad da mai bincike. Na ɗaya, ma'aikatan gona sun daɗe suna kukan cewa manoma ba sa shuka auduga da wuri. Binciken da David Norman da abokan aikinsa suka yi a Samaru ya nuna dalili: farkon damina lokacin noman gero da dawa ne, magidanci kuwa ba zai bar abincin iyalinsa domin amfanin da ba a ci ba. Abin da rahoto ya kira sakaci, a gidan manomi hankali ne. Na biyu, ana yawan cewa masaƙun zamani sun kashe masaƙin gargajiya. Gaskiya masaƙi ya daɗe yana aiki, ya koma sayen zaren inji ne. Wadda ta fara faɗuwa ita ce makaɗiya, kuma tun da aikinta a cikin gida yake, ba ta da ƙungiya, ba ta biyan kuɗin lasin, babu littafin da ya ƙidaya ranar da ta ajiye mazari. A Rawtenstall an san yawan injunan da aka fasa a rana ɗaya. A ƙasar Anka ba wanda ya rubuta yawan gidajen da kaɗi ya mutu a cikinsu.

Daga baya noman kansa ya ja baya. Fari na farkon shekarun 1970, da kuɗin man fetur da ya ja samari birni, da rushe hukumomin ciniki a 1986 wanda ya watsa tsarin raba iri da duba daraja, duk sun taru a kansa. Masaƙar Gusau, wadda aka kafa a tsakiyar shekarun 1960 da sunan Zamfara, ita ma ta bi sawun na Kaduna, bayan ƙarancin wutar lantarki da kwararar atamfofin Sin ta kan iyaka sun gama da kasuwarsu.

VI

Abin da ya faru a Bagega ya isa ya nuna cewa wannan giɓi ba na malamai kaɗai ba ne. A 2010 ƙungiyar likitoci ta Médecins Sans Frontières ta gano cewa yara suna mutuwa da yawa a ƙauyukan Anka da Bukkuyum, kamar Dareta da Abare da 'Yargalma, saboda gubar dalma. Dutsen da ake haƙowa domin zinariya yana ɗauke da dalma mai yawa, ana kuwa kawo shi cikin gari ana daka shi, ana niƙa shi, ana shanya shi a tsakar gida, ƙurarsa ta gauraye da ƙasar da yara ke rarrafe a kanta. Yara wajen 400 suka rasu. Bagega, wadda ta fi sauran ƙauyukan yawan jama'a, sai a 2013 aka kwashe gurɓatacciyar ƙasarta, kana aka fara yi wa 'ya'yanta magani.

Kuskure ne a ce mutuwar auduga ce ta haddasa wannan, gama tashin farashin zinariya a kasuwannin duniya shi ne babban abin da ya ja mutane ramuka. Amma akwai abin lura ga masanin tarihi. Tsakar gida a ƙasar Hausa ma'aikata ce tun da daɗewa, kuma duk sana'ar da ta shigo gari, rabon mata daga cikinta can ake kai musu. Wanda ya san tarihin magurji da mazari ba zai yi mamakin ganin dutsen zinariya ya shiga turmi ba. Hukumar da ta saba ƙidaya aiki a fuloti da ƙofar masaƙa kaɗai, ba ta ga wannan aiki ba sai da aka fara ƙidaya kaburbura.

VII

Hukuncin da ya dace da littattafan nan uku shi ne a karanta su tare, a kuma karanta su da sanin inda kowanne ya tsaya. Na Whitehead yana koyar da yadda ake bin gida ɗaya tsawon zuriya, da jarinsa da rabuwarsa. Na Renne yana koyar da cewa jerin sunayen talakawa ma tushen tarihi ne, kuma matan da aka bari shaidu ne. Na Krieger yana ba da ginshiƙin shekaru wanda za a rataya sauran labarai a kansa, domin tsoho na ƙauye da zamanin sarki yake auna lokaci.

Aikin da ya rage ya fi sauƙi ga malaman makarantun horon malamai fiye da baƙon masani, tun da yake ɗalibansu 'ya'yan waɗannan gidaje ne, suna iya shiga inda baƙo ba ya shiga. Abin da ake bukata shi ne ɗalibi ya ɗauki gida ɗaya, ya bi shi zuriya uku ko huɗu: wace gona ake shuka auduga, wane fuloti ake kai ta, wa ya yi kaɗi, wa ake sayar wa zare, a zamanin wane hakimi aka daina, da me kuma aka maye gurbin kuɗin. Ya rubuta kalmomin sana'ar yadda mutanen wurin suke faɗinsu, gama Hausar yamma tana da nata sunaye waɗanda ba duka suka shiga ƙamus ba. Ya nemi rasit na haraji, da tsohon mazari, da wurin da karofi yake a da. In ɗalibai mata suka yi tambayar cikin gida, amsar za ta fi cika.

Lokaci kuwa ba ya jira. Matan da suka yi kaɗi a zamanin En'e sun tsufa ƙwarai, rashin zaman lafiya da ya addabi Zamfara a shekarun nan ya tashi ƙauyuka da dama, mutanen da suka san wace gona ce ta wane sun warwatsu cikin garuruwa. Gidan Whitehead ya sami mai shirya takardunsa shekara 136 bayan rasuwar maigidan, domin takarda tana iya jira a cikin akwati. Abin da ke bakin tsohuwa a Bagega ko Gummi, in ba a ɗauke shi tana da rai ba, tare da ita za a binne shi.